Taƙi Biyar

Litinin, da hantsi

Auta ya dawo daga makaranta tun rana ba ta yi tsaka ba. Ina shago na hango shi, jaka a hammata, yana bin jikin bango. Malami ba ya dawowa gida da hantsi. Bai leƙo ya gaishe ni ba. Na bar keken ɗinki na bi shi ciki, na ce lafiya? Ya ce lafiya lau Baba, an ce in ɗan huta. Na ce wa ya gaya musu ka gaji? Ya shige ɗaki.

Shi ya koya mini rubutun nan bayan na tsufa, wai in riƙa rubuta awon mutane kada in manta. Awon mutane a kaina yake. Amma tunda babu mai gaya mini komai a gidan nan, ni ma ba zan gaya wa kowa komai ba sai takarda.

Litinin, da yamma

Surukata, matar Auta, ita ta kawo mini abinci, ita na titsiye. Ga ta da ciki ya tsufa, ban so in tsayar da ita ba, amma dole.

Wai an kawo musu sabuwar shugaba daga wani wuri. Ta kafa doka: kowane malami farar riga mai dogon hannu har wuyan hannu, baƙin wando har ya taɓa takalmi. Na ce to, ai abin da Auta ke sawa ke nan, ni na ɗinka masa. Ta sunkuyar da kai. Na ce yi magana, 'yata. Ta ce, "Baba, cewa suka yi wandon ya ɗangale."

Ya ɗangale! Tun shugabar tasu ba ta san hannun damarta ba nake yanka wando.

Talata, da safe

Ni ban yi makaranta ba, kuma ba na awo da tef. Tef roba ce, tana miƙewa, ga lambobi a jikinta kamar tururuwa. Da taƙi nake awo, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, yadda maigidana ya koya mini. Hannu halittar Allah ne, ba ya miƙewa, ba ya ƙarya. Wandon Auta taƙi biyar ne tun ranar da ya gama tsawo. Taƙi biyar na yanka. To daga ina ɗangalewa ta fito?

Mai guga ne. Yana jiƙa kayan mutane a ruwan zafi su tsuke.

Ko watan jiya wani direba ya dawo mini da riga wai ta yi masa gajarta. Mutanen yanzu ba sa daina tsawo, saboda abin da suke ci. Na gaya masa haka. Bai sake zuwa ba, can ta matse masa.

Laraba, bayan azahar

Na tsallaka wurin mai guga. Tare muka tsufa a layin nan, ya yi yawon duniya yana guga a gidajen baƙi, ya dawo babu abin da ya tara sai surutu.

Na ce, "Kai ɓarawon tsawo, ka tsuke wa yarona wando an koro shi."

Ya ce, "Sannu da zuwa, sarkin almakashi. Zauna kafin ƙafafun su ba ka kunya."

Ban zauna ba. Ya ci gaba da watsa ruwa a kan rigar wani, yana cewa shi babu irin malamin da bai goge wa kaya ba. Wai akwai ƙasar da malami ke shiga aji da gajeren wando da gashi har kafaɗa, babu mai ɗaga ido. Akwai inda ba ya shiga sai da farar riga irin ta likita. Akwai inda malami da yara duk sai sun tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Akwai inda in malama ta rufe kanta a kore ta, akwai inda in ta buɗe a kore ta.

Na ce, "To ka ga dai doka son zuciyar mai kujera ce."

Ya ce, "Haka ne. Amma duk yawona ban ga inda malami ke shiga aji da wandon ƙanensa ba."

Na ce daga yau kada ya sake taɓa kayan gidana. Ya ce in gaishe da hannun. Ban san abin da yake nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Alhamis, da safe

Kofin shayi ya suɓuce mini ya fashe. Kofunan yanzu santsi gare su.

Juma'a, da hantsi

An ce Auta ya koma ranar Litinin, amma da kayan da suka dace. Na sayo sabon yadi baƙi, mai kyau, wanda ba ya tsukewa ko a tukunya aka dafa shi. Mu ga abin da za su ce.

Da na buɗe shago na tarar da tef a kan tebur, an naɗe shi tsaf kusa da alli. Ban tambayi wanda ya ajiye ba. Na jefa shi a kwandon ƙyalle.

Ina cikin shata yadin surukata ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, tana murza bakin mayafi. Ta ce, "Baba, da za a bar kalmasa da ɗan yawa a ƙasa, ko da za a so a saki." Na ce tela mai barin kalmasa da yawa bai yarda da awonsa ba ne. Na ce ta je ta huta, cikin nan ya ishe ta aiki. Ta ce to Baba.

Taƙi biyar. Na yanka. Almakashin ya dakushe, sai da na haɗa da hannu biyu.

Asabar, da la'asar

Sanyi ne. Na shafa man zafi. Ban yi ɗinki da yawa ba.

Lokacin da uwar su Auta ke raye ita ke zura mini zare a allura, ba don ba na iyawa ba, don tana so ne. Ranar da muka binne ta babban ɗana ya zo daga inda yake aiki sanye da kayan kanti, sama da ƙasa, da tambarin wani a wuyan rigar. A gaban mutane. Ɗan tela. Na ce masa muddin ina numfashi, ɗan da ya sa ɗinkin wani ya nemi wani uban. Ya ce Baba riga ce fa kawai. Ya tafi, sai dai a waya yake gaishe da ƙanensa, ni ban karɓa.

Auta yana tsaye a wurin ranar. Shi bai taɓa sa ɗinkin kowa ba sai nawa. Shi ne ɗa.

Lahadi, da yamma

Ya gwada. Na ce juya. Ya juya. Na ce yaya? Ya duba ƙafafunsa ya daɗe, sannan ya ce, "Ya yi, Baba. Allah ya ƙara lafiya." Ya ɗan zame wandon ƙasa da ƙugu, na ce ja shi sama, kai ba ɗan tasha ba ne. Ya ja.

Matarsa ta tashi ta fita, wai ta bar abu a wuta. Babu abin da ke wuta.

Litinin, da safe

Ya tafi. Na raka shi da ido har kwana. Safarsa fara ce, shi ya sa take fitowa. Da baƙa ya sa da babu mai lura.

Laraba, da daddare

Wasu mutum biyu sun zo layinmu da mota, ba 'yan unguwa ba ne. Sun tsaya wurin mai kanti suna tambaya a kan Auta. Da wa yake zama, ina yake zuwa in ya tashi aiki, yaushe ya fara sa irin wannan wandon, ko yana tara yara a gida yana gaya musu wani abu. Mai kanti ya zo yana gaya mini yana raɗa, kamar mai ba da labarin mutuwa.

Yaron da daga aji sai gida. Yaron da ko kaza aka yanka sai ya kau da kai.

Da maraice na tambayi Auta su wane ne. Ya ce ba komai Baba, wasu iyaye ne suka kai ƙara. Ƙarar me? Ya ce ba komai.

Ba komai, ba komai. Gidan nan ya cika da ba komai.

Alhamis, bayan la'asar

Na je makarantar. Ban gaya wa kowa ba.

Mai gadi ya nuna mini hanyar ofis, sai na bi ta bayan azuzuwa. Na ji muryar Auta, na tsaya a taga. Ya juya baya yana rubutu a allo, ya ɗaga hannu. Hannun rigar ya zame har kusan gwiwar hannu. A layin baya wani yaro ya naɗe ƙafar wandonsa sama, na kusa da shi ya naɗe nasa, suna toshe baki. Wata yarinya ta ce a hankali, "Malam Ɗangale." Ya ji. Na san ya ji, don allin ya tsaya. Sannan ya ci gaba da rubutu.

Na ga abin da na gani. Tagar tana da ƙura, kuma daga ƙasa nake kallo.

Shugabar ba yadda na zata take ba. Ƙarama ce, da tabarau, takalminta na ƙwas-ƙwas. Ta miƙe ta ba ni kujerarta, ta ce sannu Baba, ta sa aka kawo ruwa. Ban sha ba. Da fushi na zo, ba zan bari a jiƙa mini shi ba.

Na ce me ɗana ya yi? Ta ce a duk makarantar babu wanda yara ke fahimtar darasinsa kamar shi. Na ce to? Ta ce, "Baba, inda na fito, namijin da ya ɗage wando haka da gangan yana gaya wa mutane ko shi na su wane ne. Wasu iyaye ma haka suka ɗauka, sun tsorata, sun kai magana sama. Na kira shi na ce in imani ne ya faɗa, in rashin hali ne ni zan saya masa. Ya ce ba ko ɗaya. Na ce to mene ne? Ya ce haka yake so. Me zan gaya wa na sama da ni?"

Na ce tufa ba ta koyar da karatu. Ta ce gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ke kallo ba.

Sai ta ce, "Baba, wa ke masa ɗinki ne?"

Na ce wani ne a unguwarmu.

Ƙarya na yi? Ni ba wani ba ne? Ba a unguwar nake ba?

Ta ce, "To a taimaka a canza shi, yana neman ya raba yaron da aikinsa."

Juma'a, da safe

Ban buɗe shago ba. Sanyi ne.

Asabar, da hantsi

An sake ce wa Auta ya zauna a gida. Wannan karon ba hutu suka kira shi ba. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis, ya je ya bayyana a gabansu. In ba su gamsu ba, shi ke nan.

Bangon shagona da ɗakinsu ɗaya ne. Ban kasa kunne ba, muryar ce ta zo ta same ni. Ba ta ɗaga murya, yarinyar nan, amma yau ta ɗaga.

Ta ce, "Ka gaya masa mana! In ba za ka iya ba ni zan faɗa."

Ya ce, "In gaya masa me?"

Ta ce, "To ka saya a kanti, ka ajiye a makaranta, ka riƙa canzawa a can. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani. Kuma layin nan babu abin da ke ɓoyuwa. Kin ga yadda ya yi da Yaya."

Ta ce, "Abin da ke cikina fa? Wando zai ci?"

Sannan ya ce, "Keken nan ne kaɗai ya rage masa."

Na taka keken da ƙarfi babu ƙyalle a ƙarƙashin allura, don su san akwai mutum.

Ya rage mini. Kamar wanda aka yi wa gobara.

Lahadi, da yamma

Babu wanda ya ci abincin kirki. Na kasa ɓalle maɓallin wuyana, surukata ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Maɓallan yanzu ƙanana suke yin su.

Litinin, da azahar

Duk laifin matar nan ne da dokarta. Da iyayen da ba su da aikin yi. Da mai guga. Da masu saƙa yadi.

Talata, da hantsi

Mai guga ya shigo shagona babu sallama, da wando biyu a kafaɗa. Na ce ba na hana ka taɓa kayan gidana ba? Ya ce surukarka ce ta ba ni, je ka kore ta ita ma.

Ya shimfiɗa su a tebur, ɗaya kan ɗaya, ƙugu daidai da ƙugu. Na sama sabon da na ɗinka ne. Na ƙasa na gane shi tun kafin ya warware: wandon da na yi wa Auta ranar da ya fara koyarwa, uwarsa na raye, ita ta zura zaren. Ya koɗe, gwiwa ta yi haske. Ƙafarsa ta leƙo ta ƙarƙashin sabon.

Ya ce, "Wannan tsohon na wanke shi ya fi a ƙirga, da ruwan zafin nan da kake zagi. Sabon nan ko ruwa bai taɓa gani ba. Wanne ya tsuke?"

Na ce yadin da da na yanzu ba ɗaya ba ne.

Ya ce, "Taƙi nawa ka yanka wancan?" Na ce biyar. "Wannan fa?" Na ce biyar. Ya ce, "To ɗora hannunka."

Na ce ba a ba ni umarni a shagona.

Bai yi dariya ba, shi da ba ya rufe baki. Ya miƙo nasa hannun ya nuna mini, duk yatsun sun kanannaɗe. Ya ce, "Ni ma dutsen gugar da nake ɗagawa da hannu ɗaya, yanzu sai na yi masa bismilla biyu. Ba zagi ba ne, tsoho. Ranar Alhamis jibi ce." Ya fita ya bar wandunan.

Shisshigi gare shi tun yana saurayi.

Talata, da yamma

Na rufe ƙofar shago na auna tsohon wandon.

Biyar da rabi.

Na shafa man zafi, na murza yatsun, na danna su a tebur har sai da hawaye ya zo. Na sake aunawa.

Tsohon wando yana iya saki. Yadi in ya daɗe yana saki.

Laraba, bayan azahar

Na je babbar kasuwa, can nesa inda ba a san ni ba. Na naɗe tsohon wandon a leda, da wata tsohuwar farar rigarsa.

Rabona da shiga kantin kayan sawa tun ban yi furfura ba. Sun rataye su a jere kamar naman mahauta. Mai kantin ya ce lamba nawa, Baba? Na ce ban san lamba ba, na ciro tsohon wandon na ce mai tsawon wannan. Ya gwada ya kawo. Na juya cikinsa na duba. Ɗinkin inji ne, zare biyu a sarƙe, babu hannun mutum a ciki ko kaɗan. In ka ja da ƙarfi ma zai iya ɓarkewa. Na ja da ƙarfi. Bai ɓarke ba.

Ya ce, "Baba kamar ka san ɗinki." Na ce a'a. Na biya, har da farar riga daidai tsohuwar.

Na dawo ta bayan layi. Na zauna da reza na cire tambarin wuyan rigar da na ƙugun wandon, zare ɗaya-ɗaya, kada a ga gurbi. Ya ɗauke ni har rana ta yi sanyi, na yanke yatsa, na naɗe da ƙyalle kada jini ya taɓa farar. Na goga alli kaɗan a cikin ƙafar wandon, yadda nawa ke fitowa. Na rataye su a ƙusar da nake rataye aikin da na gama.

Tamburan na ƙona su.

Alhamis, da safe

Na kira shi shago na ce ga su nan, na sake wasu. Ya ɗauka. Ya juya bakin wandon, ya ga ɗinkin. A gindin keken nan ya yi rarrafe, ya san abin da yake iya yi da abin da ba ya iyawa. Ya daɗe yana kallo. Ya kalli yatsana mai ƙyalle.

Ya ce, "Baba, keken naka ya koyi sabon ɗinki."

Na ce, "Saka ka wuce, kada ka makara."

Ya saka. Wandon ya sauka ya kwanta a kan takalmi. Hannun rigar ya rufe agogo. Na ce juya. Ya juya. Matarsa na bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi.

Ya durƙusa ya ce in sa masa albarka. Na sa. Ya kama hannuna da nasa biyu, na fizge. Ciwo yake yi, shi ya sa.

Alhamis, da yamma

Sun mayar da shi. Za su sa masa ido zuwa ƙarshen zango, kuma sun ɗauke shi daga manyan aji sun ba shi ƙanana. Wai ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya tambaye shi me ya sa ya canza, ya ce telansa ne ya gyara awo. Shugabar ta ce a gaishe da telan.

Ba ni ta gaisar ba.

Juma'a, bayan la'asar

Surukata ta zo da 'yan ƙyallaye masu laushi, wai in ɗinka wa abin da za a haifa 'yan riguna, shi jariri ba ya buƙatar awo. Na san dabara ce. Na ce ta ajiye, zan duba.

Auta ya ce Yaya ya bugo waya yana tambayar jikina. Na ce jikina me ya same shi? Ya ce in karɓa in ya sake bugowa? Na ce hannuna ba ya riƙe waya.

Asabar, da hantsi

Wani mutum ya kawo yadi, baƙo ne a unguwar, an ce masa akwai tsohon tela a layin nan. Ya buɗe hannuwa ya tsaya in auna shi. Na ce keken ya lalace, ya gwada gaba.

Mai guga yana tsallaken titi yana kallo. Gara da bai tsallako ba.

Na zuba wa keken mai, na goge shi, na lulluɓe shi da tsohon wandon. Ya rufe shi ruf, har da saura.